DARASI: Ƙara wa murhun gashi na gas bonar infirared, abin da ya kamata ka sani kafin ka kai wa mai walda

Yau za mu ɗan fita daga keji da kududdufi mu leƙa wajen gashi, domin da yawa daga cikinmu yanzu ba a kiwo kaɗai suka tsaya ba, suna gasa kaza da tarwaɗa su sayar da kansu, wasu har da naman sa. Wanda ya koma gashi da gas ya san matsalar da zan faɗa: naman yana nuna, amma ba ya yin wannan jan ɓawon mai ƙamshi da garwashi ke yi masa. Sai ya fito fari-fari kamar an turara shi. Kwastoma ba zai yi maka bayani ba, gobe dai ba za ka gan shi ba.

Wannan matsalar ba mu muka fara cin karo da ita ba. A Amurka, inda gashi a bayan gida da murhun gas ya zama al'ada, sun daɗe suna kuka da ita, musamman wajen gasa yankan naman sa mai kaurin nan da suke kira sitek. Maganin da da yawansu suka koma wa shi ne su sayo wata bona daban, wadda ba da ita murhun ya zo ba, su ɗaura masa. Ita ce bonar infirared.

Kada sunan ya ba ka tsoro, ka santa. Idan ka taɓa tsayawa gaban mai shawarma ka ga wasu faifai a tsaye bayan naman sun yi jajir ba harshen wuta, to ita ce. Idan kana amfani da hitar gas mai farantin tangaran wajen ɗumama 'yan tsaki, ita ma 'yar gidan ce. Wani Bajamushe mai suna Günther Schwank ne ya ƙirƙiro irin wannan bonar ta tangaran a ƙarshen shekarun 1930, don ɗumama wuri. Daga baya wani kamfanin Amurka mai suna TEC ya shigo da ita harkar gashi, kuma da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a shekarar 2000 sai sauran kamfanoni suka yi caa a kai. Shi ya sa yau ake samun ta a kasuwa ita kaɗai.

To me ya bambanta ta da bonar da muka saba?

Bonar murhun gas ta yau da kullum bututu ce mai ƙananan ramuka. Gas ya fito ya kama da wuta, wutar ta zafafa iska, iskar ta tashi ta gasa naman. Wato iska ce 'yar aike. Ita kuwa iska ba ta da ƙarfin ɗaukar zafi sosai, kuma kana buɗe murfi ta gudu. Yawancin irin waɗannan murahun da ƙyar suke haura digiri 260 zuwa 300 a kan raga.

Ita infirared akwati ce da aka rufe samanta da farantin tangaran mai dubban ƙananan huji. Gas da iska suna haɗuwa a cikin akwatin tun kafin su fito, sai su ƙone a daidai fuskar tangaran ɗin, harshen wutar gajere ƙwarai har ba ka cika ganinsa ba. Cikin 'yan mintuna tangaran ɗin ya yi ja, zafin fuskarsa ya kai wajen digiri 800 zuwa 900. Daga nan shi ne yake jefo zafi kai tsaye kan naman, yadda rana ke dukan fatarka ko da iskar hunturu na kaɗawa. Garwashi ma haka yake aiki, shi ya sa gashinsa ya fi.

Akwai wani lissafi na kimiyya da ya sa bambancin ya yi yawa haka. Zafin da abu ke jefowa ba ya ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, tsalle yake yi: idan zafin abu a ma'aunin Kelvin ya ninka biyu, abin da yake jefowa ya ninka 16. Faranti mai digiri 900 idan ka gwada shi da ƙarfe mai digiri 300, girmansu ɗaya, abin da na farko ke jefowa ya kai wajen ninki 17 na na biyu. Ka ga ba wasa ba ne.

Me ya sa muke neman wannan zafin? Ɓawon da ƙamshin suna fitowa ne daga wani sauyi da ke faruwa tsakanin sinadaran furotin da sukarin da ke jikin nama, wanda wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Sauyin ba ya kankama sai fuskar naman ta kai wajen digiri 140 zuwa sama. Ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai danshi a fuskar naman ba za ta wuce nan ba. Idan wutarka ba ta da ƙarfi, kafin ta busar da fuskar ta fara yin ja, cikin ya riga ya nuna ya wuce, ya zama igiya. Idan tana da ƙarfi, cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi ɓawo ya fito, ciki kuma bai san abin da ake ba tukuna.

Bari in gyara wata magana a nan. Za ka ji ana cewa wannan babbakar tana "toshe" naman ne ruwansa ya kasa fita. Ba haka ba ne, an gwada an ga ruwa yana fita. Ƙarar cuuu da kake ji ai ruwan ne yake fita yana ƙonewa. Amfanin babbaka ɗanɗano ne da launi da ƙamshi. Abin da ke hana nama bushewa shi ne kada ka bari cikinsa ya wuce nuna.

Yanzu maganar ɗaurawa, nan ne ake tafka kuskure, kuma kuskuren gas ba irin na abincin kaji ba ne da za ka gyara gobe.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka cire ɗaya daga cikin bonar bututu ta murhunka ka sa ta infirared a gurbinta. Ta biyu, ka yi mata wajenta daban a gefe, da bawul ɗinta da tiyonta. Idan murhunka na kamfani ne kuma kamfanin ya yi bonar da ta dace da wannan samfurin, ta farko ta fi sauƙi, kusan cirewa da mayarwa ne. Idan kuwa murhun ƙirar mai walda ne, ko ba ka samu wadda ta yi daidai ba, ni shawarata ta biyu. Tilasta wa bona zama inda ba gurbinta ba shi ne mafarin yoyo. Ka kuma sani duk murhun kamfanin da ka yi wa kwaskwarima da kayan wani, garantinsa ya tafi.

Abu na farko da za ka duba kafin girma ko farashi shi ne irin gas ɗin da aka yi ta dominsa. A Amurka da Turai gidaje da yawa suna amfani da gas ɗin bututu da ke shigowa daga layi, wasu kuma na tukunya. Ba ɗaya ba ne. Na layi ƙarfinsa a kowace lita bai kai na tukunya ba, matsinsa ma ya fi ƙasa, don haka jet ɗinsa, wato ɗan hujin da gas ke fesowa ta ciki, ya fi faɗi. Ka ɗauko bona mai jet ɗin gas ɗin layi ka haɗa ta da tukunyarmu, gas zai yi mata yawa, ka ga wuta rawaya tana tashi da baƙin hayaƙi. Mu namu na tukunya ne, don haka ka nemi wadda aka rubuta wa LPG ko LP.

Sai matsi. Regiletar girki ta gida mai ƙaramin matsi ce, za ka ga an rubuta 28 ko 30 mbar a jikinta. Bonar gashi ta Amurka ta gas ɗin tukunya an yi ta ne a kan kusan 28, sun yi kusa. Amma ta Turai akwai mai 37, ta Jamus ma har 50. Ita kuma regiletar nan mai babban matsi da ake sa wa manyan murahun suya da girkin biki, tana iya ba da ninkin wannan sau da yawa. Kada ka kuskura ka haɗa ta da bonar ƙaramin matsi don kana son wuta ta ƙara ƙarfi. Karanta abin da aka rubuta a jikin bonar, ka sayi regiletar da ta yi daidai da shi. Shi ke nan.

Na san wani zai ce to ai ina da hitar 'yan tsaki a ajiye, in juya ta sama in ɗora raga mana. A'a ɗan uwa. Ita an yi ta ne ta kalli ƙasa daga nesa, ta riƙe wa tsaki digiri 32 zuwa 35 a satin farko. Ba a yi ta don maiƙo ya ɗiga mata ba, da yawansu kuma matsin da suke aiki da shi daban ne. Bar ta a ɗakin reno.

Sai ƙarfin bonar. Za ka ga an rubuta BTU ko kW, kuma kW ɗaya daidai yake da BTU 3,412 a awa. Idan maye gurbi za ka yi, ƙarfin sabuwar ya yi kusa da na wadda ka cire, domin bawul da jet ɗin da ke wajen an auna su ne da tsohuwar. Ka sa babba a kan ƙaramin jet, tangaran ɗin ba zai yi ja sosai ba, sai ka ga ja a tsakiya gefe baƙi, ka yi asarar kuɗinka. Idan ƙari za ka yi, haɗa jimillar duk bonar da za su ci tare ka tabbata regiletar za ta iya ciyar da su. A jikinta ana rubuta kilo nawa take fitarwa a awa.

Wajen zama, bututun wuyan bonar dole ya shiga daidai kan jet, a miƙe, ba a karkace ba. Akwai ɗan fili a wuyan da iska ke shiga, kada mai walda ya toshe shi da sunan yana gyara maka aiki ya yi kyau. Jet ɗin yana feso gas da gudu, gudun ne yake jawo iskar, idan babu isasshiyar iska ƙonewar ba za ta cika ba. Sannan ƙarfen nan mai kamar rumfa da ake kifawa a kan bonar bututu, cire shi a saman infirared. Idan ka bar shi ka tare zafin da ka saya, shi ma ya lanƙwashe. Ragar waya mara tsatsa da ke zuwa a saman tangaran ɗin ita ce kariyarsa, ita kam a bar ta.

Jikin murhun fa? Nan mutanenmu suke raina abu. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, tun kafin nan ma ya yi laushi ya canja siffa. Kwanon rufi da duk wani ƙarfe mai farin shafe na zinki, shafen yana narkewa a wajen digiri 420, kuma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa. Don haka duk abin da zai kewaye wannan bonar ya zama ƙarfe mara tsatsa ko baƙin ƙarfe mai kauri. Tiyo ya bi ta inda zafi ba zai kai gare shi ba, tukunya kuma a tsaye, nesa da wutar, a inda iska ke ratsawa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasa yana jiran ashana. Shi ya sa ƙasan murhun dole a bar masa kafar iska.

Idan an gama haɗi, kafin a kunna komai, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa, daga bakin tukunya har bawul. A buɗe tukunya, bona a kashe. Inda ka ga kumfa na hurowa, nan ne yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana, na san kun sani, amma har yau ana yi.

Kunnawar farko murfi a buɗe. Za ka ga 'yar wuta shuɗiya ta bazu a fuskar tangaran, cikin minti uku zuwa biyar ya yi ja bai ɗaya. Idan ka ji ƙara kamar ta jirgi ko wani fat-fat daga ciki, wutar ta koma cikin akwatin ke nan, kashe nan take. Galibi ko tangaran ɗin ya tsage ne, ko wani abu ya toshe wuyan. A wajenmu zanzaro da gizo-gizo suna son irin wannan bututun, murhu ya yi sati biyu ba a kunna ba sai ka leƙa. Tangaran da ya tsage ba a liƙe shi, canjawa ake yi.

Kuma a waje ake wannan aikin, ko rumfar da iska ke shiga ta ko'ina. Duk wutar gas tana iya fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki.

To an ɗaura, yaya ake gashin?

Ga sitek, kaurinsa ya kai santimita biyu da rabi zuwa huɗu. Siririn yanka irin na tsire ba ya buƙatar wannan wutar, kafin ka juya ya zama gawayi. Goge naman da tsumma mai tsabta ya bushe sarai, sa gishiri, ɗan shafa mai kaɗan a jikin naman ba a kan raga ba. Ɗora shi minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, juya, haka, sai ka mayar da shi ɓangaren bonar bututu ya ƙarasa nuna a hankali. Wasu suna juya tsarin: su fara nunar da shi a ƙaramar wuta, sai a ƙarshe su kai shi kan infirared ya yi ɓawo. Ni na fi son wannan ga mai sayarwa, domin fuskar ta riga ta bushe, ɓawon yana fitowa da sauri, kuma kwastoma yana tsaye za ka gama masa. Ma'aunin hukumar noma ta Amurka shi ne cikin yankan naman sa ya kai digiri 63 a bar shi ya huta minti uku, niƙaƙƙen nama kuma 71.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Naman da suke gasawa a can na shanun da aka turke da hatsi ne, kitse ya ratsa cikin tsokar. Shanunmu sun yi tafiya, tsokarsu ba kitse kuma tana da tauri. Babu wutar da za ta mayar da cinyar tsohon sa ta yi laushi cikin minti uku. Nemi tsokar gadon baya, ita ce ta dace da wannan gashin. Tozo kuwa kitsensa zai ta ɗiga yana tayar da wuta, sai ka rage shi ko ka gasa shi a gefe.

Yaji mai ƙuli-ƙuli ba ya jure wannan zafin, ƙonewa yake ya yi ɗaci. Haka duk wani haɗi mai sukari ko zuma ko tumatirin gwangwani. A barbaɗa bayan an sauke, ko a shafa a ɓangaren ƙaramar wuta. Kuma a bambance ja da baƙi: ja mai duhu shi ake nema, baƙi ƙuna ce, ba daɗi ba lafiya.

Kaza ita ce inda na fi jin tsoro. Wannan wutar tana yaudara, fatar ta yi kyau kamar a hoto alhali jikin ƙashi da jini. Kaza dole cikinta ya kai digiri 74 a wajen da ya fi kauri, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela, ku masu kiwo kun fi kowa sanin sunan. Don haka kaza a nunar da ita tukuna a ƙaramar wuta, infirared ta zama ta gamawa kawai, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kowane gefe don fata. Sayi ma'aunin zafi mai tsinke, kuɗinsa bai kai na kaza biyu da za a dawo maka da su ba.

Kifi digiri 63 yake buƙata. Tarwaɗa tana da mai, kuma yawanci da romon yaji ake gasa ta, ga shi ruwa shi ne babban abokin gabar tangaran mai zafi: ya zubo masa da yawa sai ya tsage. Wadda aka naɗe a takardar alminiyam ba ta da abin yi a kan infirared, takardar tana mayar da zafin ne. Idan kifi da kaza ne yawancin kasuwarka, ka yi tunanin ɗaura bonar a sama tana kallon ƙasa, ko a baya a tsaye kamar ta masu shawarma, amma ka sayi wadda aka ƙera don irin wannan zaman. Ta haka babu abin da zai ɗiga mata.

Mu zo lissafi. Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da kusan kWh 13.7. Bona mai BTU 12,000 kusan kW 3.5 ce, tana cin wajen giram 260 a awa idan an ƙure ta. Tukunya mai kilo 12.5 za ta kai ta kusan awa 48. Minti goma na aiki, har da jiran ta yi ja, bai wuce giram 45 ba. Amma ka bar ta a kunne daga magariba zuwa sha ɗaya na dare, awa biyar, ka ƙone kilo 1.3, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Ninka da farashin kilo a garinku ka gani. Ga shi ba ta raguwa sosai kamar bonar bututu, idan ka yi ƙasa da ita da yawa jan ya ɗauke ko ta mutu. Dabarar ita ce ka tara oda, ka kunna, ka gama, ka kashe.

Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 tana wahala idan bona da yawa suna ja lokaci ɗaya. Za ka ga jikinta ya yi sanyi yana gumi, wuta ta rage, musamman da daren hunturu. Ba ƙarewa gas ya yi ba, saurin jan ne ya fi ƙarfinta. Kada ka kwantar da ita, kada ka kai ta kusa da wuta, babbar tukunya za ka nema.

Wa ya kamata ya saya? Wanda yake da murhun gas mai bona biyu ko uku, yana da kwastoman da ke biyan kuɗin nama mai kauri ko kaza mai kyan fata, a wajen da hayaƙin gawayi ke damun maƙwabta ko mai gida ya hana. Wanda kuwa tsire da balangu ne sana'arsa, gawayi na samuwa da sauƙi, garwashinsa ya riga ya ba shi abin da infirared za ta ba shi, har da ƙamshin hayaƙi a kai.

Idan ka riga ka ɗaura, bayan kowane gashi ka bar ta a ƙure minti biyar murfi a buɗe, maiƙon da ya ɗiga ya ƙone ya zama toka. Ta huce sarai sannan ka share tokar da burushi mai laushi, ban da na waya, ban da ruwa. Da damina a shigar da ita inuwa, da hunturu a lulluɓe ta, don ƙura tana toshe hujin tangaran, kuma duk inda ya toshe za ka gan shi baƙi a tsakiyar ja idan ka kunna.